Tarken Maƙalar Bincike a Karatun Digirin Farko na Kimiyyar Sinadarai

Ɗalibin da ya shiga jami'a domin karanta kimiyyar sinadarai, wato fannin da ke nazarin abubuwan da suka haɗu suka yi kowane abu da kuma yadda suke sauyawa idan sun gamu da juna, yakan shafe shekarunsa na farko tare da littattafan koyarwa, waɗanda aka tace abin da ke cikinsu shekara da shekaru har gardama ta ƙare a kan mafi yawansa. Wannan sabo yakan dasa masa ɗabi'ar ɗaukar duk abin da aka buga a matsayin tabbatacce, kuma da wannan idon yake karanta maƙalar bincike ta farko da aka miƙa masa, alhali matsayinta ya sha bamban da na littafi. Maƙalar bincike rahoto ne na wasu mutane ƙalilan a kan abin da suka yi a ɗakin gwaje-gwaje, da abin da suka gani, da fassarar da suka yi wa abin da suka gani, kuma sun ajiye shi a gaban masana ne domin a auna shi. Wannan awon shi ake nufi da tarke a nan, kalmar da masu nazarin adabin Hausa suka daɗe suna amfani da ita ga zuzzurfan nazarin da ke fito da ƙarfin aiki da rauninsa. Ƙwarewa ce da ake koya da hannu kamar yadda ake koyon amfani da sikeli, kuma sassan kimiyya da yawa suna jinkirta koyar da ita har sai ɗalibi ya kusa fita.

Tun daga shekarar 1665, lokacin da aka fara buga mujallar Philosophical Transactions a Landan, mujalla ta zama hanyar da masu bincike ke sanar da juna sakamako, kuma maƙalun sinadarai sun yi yawan da a 1907 aka kafa Chemical Abstracts a Amurka domin taƙaita su da jera su kawai. Kafin mujallar kirki ta buga maƙala, edita yakan aika ta ga masana biyu ko uku su tantance. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne masu tantancewar karatu kawai suke yi, ba sa shiga ɗakin gwaji su maimaita aikin. Suna duba ko hujja ta yi daidai da da'awa, amma ba su da hanyar sanin ko kwalbar da aka zuba sinadarin a ciki tana da tsabta. Mujallar Organic Syntheses, wadda aka fara a 1921, ta yi suna ne saboda ta fita daban, domin ba ta buga hanyar haɗa wani sinadari sai an maimaita ta a ɗakin gwajin ɗaya daga cikin editocinta, kuma akwai hanyoyin da take mayarwa saboda sun ƙi maimaituwa. A 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576, inda fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce sun taɓa gwada maimaita gwajin wani ya gagare su, fiye da rabi kuma suka ce nasu na kansu ma ya taɓa gagarar su. Mai tarke zai lura cewa waɗanda suka amsa tambayoyin su suka zaɓi amsawa, saboda haka alƙaluman ba za su tsaya a madadin dukkan masana ba, sai dai ko da an rage su sun isa su nuna cewa bugawa ba hatimin gaskiya ba ce.

Maƙalar sinadarai tana da tsari sananne: tsakure, wanda ke taƙaita aikin cikin 'yan layuka, sai gabatarwa, sai sakamako da tattaunawa a kansa, sai bayanin yadda aka gudanar da gwaji, sannan rataye, inda ake zuba cikakkun alƙaluma da zanen da na'urori suka fitar. Sabon ɗalibi yakan karanta tsakure da kammalawa ya rufe, wato ya karanta ra'ayin marubuta ya bar hujjarsu. Gogaggen mai karatu yakan juya tsarin, ya fara da jadawali da zane da bayanin gwaji, ya yanke wa kansa abin da suke nunawa, sannan ya koma ya ga ko marubutan sun faɗi abin da ya wuce haka. Idan an ce an haɗa sabon sinadari, zai nemi shaidar cewa shi ne ɗin kuma tsantsarsa ne, kamar zanen na'urar NMR, wadda ke amfani da ƙarfin maganaɗisu wajen nuna yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikin sinadari, da kuma awon kason kabon da haidurojin da naitirojin, wanda mujallu da yawa ke shar'anta kada ya kauce wa lissafi da fiye da 0.4 cikin 100. Idan an ce an samu kashi 95 cikin 100 na abin da ake sa ran samu, zai tambayi sau nawa aka yi gwajin, da nauyin abin da aka auna, domin kuskuren miligiram ɗaya a cikin miligiram 10 ya riga ya zama kashi 10 cikin 100.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan fanni ita ce ko akwai wani abu daban da zai iya haifar da sakamakon da aka gani, kuma amsar da ta fi yawan fitowa a tarihi ita ce gurɓata. Babu misalin da ya fi koyar da wannan kamar na ruwan da aka sa wa suna foliwata. A farkon shekarun 1960 wani masanin Tarayyar Sobiyet, Nikolai Fedyakin, ya lura cewa ruwan da ya taru a cikin siraran bututu na gilashi yana nuna halaye na daban, sai babban masani Boris Deryagin na Mosko ya ɗauki binciken ya faɗaɗa shi, aka ruwaito cewa ruwan yana da kauri, ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 150, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili. A 1969 wasu masana a Amurka suka buga a mujallar Science cewa ƙwayoyin ruwan ne suka sarƙe da juna suka zama sabon nau'i, kuma maƙalu suka yi ta fitowa, har da masu ƙoƙarin bayyana tsarinsa ta hanyar lissafi. Abin da mai tarke zai fara riƙewa shi ne adadin da ake samu, domin bai kai ɗigo ba, kuma a irin wannan ƙanƙantar ɗan dattin da ido ba ya gani ya isa ya sauya komai. Denis Rousseau na ɗakunan bincike na Bell ya auna abin da ke cikin samfurin ya tarar da gishiri iri-iri, sannan ya nuna cewa gumin ɗan Adam yana ba da zane mai kama da na foliwata a na'urar da aka dogara da ita. A 1973 Deryagin ya amince a rubuce cewa abubuwan da suka narke a cikin ruwan ne suka jawo halayen.

Misali na biyu ya fi kusa da aikin yau da kullum. Akwai wata hanyar haɗa ƙwayoyin kabon biyu da ake kira haɗin Suzuki, wadda kamfanonin magunguna ke amfani da ita sosai, kuma saboda ita Akira Suzuki ya shiga cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 2010. Hanyar tana buƙatar ƙarfen faladiyom a matsayin mai ingizawa, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwa ba tare da shi ya ƙare ba, kuma ƙarfe ne mai tsada. A 2003 Nicholas Leadbeater da abokiyar aikinsa suka ruwaito cewa sun yi haɗin a cikin ruwa ba tare da zuba faladiyom ba, abin da ya ja hankali ƙwarai. Bayan shekara biyu shi da ƙungiyarsa suka sake bin aikin suka buga cewa sodiyom kabonet ɗin da suka saya, sinadarin da shi ne jigon kanwa, yana ɗauke da ɓurɓushin faladiyom da ya kai kashi 50 cikin biliyan ɗaya, kuma wannan ɓurɓushin shi ke yin aikin. Adadin daidai yake da miligiram 50, kimanin nauyin ƙwayar shinkafa biyu, a cikin buhu 20 masu kilo 50. Ɗalibin da aka ba maƙalun biyu ya karanta a jere zai fahimci tazarar da ke tsakanin cewa ba a zuba abu ba da cewa babu shi, kuma zai koyi neman ƙarancin abin da na'urar marubuta za ta iya ganowa kafin ya yarda da kalmar babu.

Makamin da ke maganin irin wannan ruɗi shi ne gwajin kwatanci, wato a maimaita komai daidai wa daida amma a cire abu ɗaya da ake zaton shi ne sanadi, a ga ko sakamakon zai ɓace. A ranar 23 ga Maris 1989 Martin Fleischmann da Stanley Pons suka shaida wa 'yan jarida a Jami'ar Yuta da ke Amurka cewa sun samu haɗuwar ƙwayoyin nukiliya, irin wadda ke ba rana zafinta, a cikin kwalba a kan teburi, ta hanyar sa wutar lantarki ta bi ta faladiyom da aka tsoma a ruwa mai nauyi, ruwan da haidurojin ɗinsa ya ninka na ruwan sha nauyi. Tambayar da masana suka yi ta nanata musu ita ce me ya faru da aka sa ruwa na yau da kullum a madadinsa, kuma ba a samu amsa mai gamsarwa ba. Akwai kuma lissafin da ɗalibin aji biyu zai iya yi a bayan takarda: samar da zafin wat ɗaya yana buƙatar haɗuwa kusan tiriliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kusan rabinsu kuwa suna harbo ƙwayar niyutiron, adadin da zai halaka duk wanda ke tsaye a ɗakin, alhali abin da aka ruwaito bai kai ko kusa da haka ba. Nathan Lewis na Caltech ya nuna a watan Mayu na shekarar cewa rashin motsa ruwan da ke cikin kwalba yana iya sa ma'aunin zafi ya ba da karatun ƙarya, kuma a watan Nuwamba kwamitin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya ce hujjojin ba su gamsar ba.

Haka abin ya kasance a Disamba 2010, lokacin da mujallar Science ta buga cewa wata ƙwayar bakteriya daga tafkin Mono na Kalifoniya tana iya gina sinadarin gadonta, wato DNA, da asenik a madadin fosfaras. Da'awar tana da ɗan tushe, domin asenik yana ƙarƙashin fosfaras kai tsaye a jadawalin sinadarai kuma suna kama da juna ta wasu fuskoki, sai dai masana sinadarai sun daɗe da sanin cewa irin mahaɗin da asenik zai yi a wannan wuri yana wargajewa a cikin ruwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, yayin da na fosfaras ke daɗewa ƙwarai da gaske. Masu suka, ciki har da Rosie Redfield ta Kanada, sun nuna cewa abincin da aka raini ƙwayoyin a ciki yana da ɓurɓushin fosfaras, kuma ba a wanke sinadarin gadon yadda ya kamata ba kafin a auna shi. A 2012 maƙalu biyu suka fito a mujallar suna nuna cewa ƙwayar tana jure asenik ne kawai, amma ba ta rayuwa sai da fosfaras. Abin lura ga malami a dukkan waɗannan misalai shi ne ilimin da ake buƙata domin a hango matsalar yana cikin darussan shekarun farko, abin da ya rage shi ne ɗalibi ya san yana da izinin amfani da shi a kan abin da manya suka buga.

Hanyoyin koyarwar ba ɓoyayyu ba ne. Mafi tsufa ita ce zaman karatun mujalla, wanda ake jingina farkonsa ga likita William Osler a Jami'ar McGill ta Kanada a 1875, inda mutane ke haɗuwa lokaci-lokaci, ɗaya ya gabatar da maƙala sauran su tarke ta. Ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, wadda ke da kwamitin amincewa da shirye-shiryen digiri tun 1936, ta sanya iya nemo maƙalu da auna ingancinsu cikin ƙwarewar da ake buƙatar ɗalibi ya fita da ita. Wata hanya mai suna CREATE, wadda Sally Hoskins da abokan aikinta suka bayyana a 2007 domin ɗaliban ilimin halittu a birnin Niyok, ta dace da sinadarai sosai: ana ba ɗalibai maƙala bayan an cire take da tsakure da tattaunawa, su zana da hannu yadda aka yi kowane gwaji, su fassara jadawalin da kansu, su tsara gwajin da ya kamata ya biyo baya, sannan a ba su maƙala ta gaba daga ƙungiyar binciken domin su ga abin da aka yi a zahiri. Wasu malamai kuma sukan sa ɗalibi ya rubuta rahoton tantancewa kamar edita ne ya roƙe shi, ko ya ɗauki hanyar da aka buga ya gwada ta a ɗakin gwaji, inda zai gane da kansa bayanan da marubuta suka tsallake, domin gani ya kori ji. Duk cikinsu babu wadda ke buƙatar na'ura mai tsada in ban da ta ƙarshe, kuma babu dalilin hana fara su tun aji biyu, da maƙala ɗaya mai shafi uku a kowane zango.

A jami'o'in Nijeriya ɗalibi yakan fara cin karo da maƙalu da gaske ne a shekarar ƙarshe, lokacin gabatar da takardar ƙara wa juna sani da rubuta kundin digiri, kuma babin bitar ayyukan da suka gabata yakan zama jerin wane ya ce, wane ma ya ce, ba tare da an auna maganar kowa ba. Mafi muni shi ne ɗauko adadi daga maƙalar da ita ma ta ɗauko shi daga wata, har a rasa wanda ya yi awon tun asali. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ya san bambancin isnadi, wato silsilar waɗanda suka ruwaito magana, da matani, wato lafazin maganar, ya kuma san cewa ana bincikar kowanne daban. Wannan tarbiyyar tunani tana nan a ƙasar Hausa tun da daɗewa, kuma ita ake buƙata wajen bin adadi har zuwa tushensa.

Batutuwan da ɗalibai suka fi ɗauka ma suna da tarkonsu. Masu auna ƙarafa masu guba a ruwan da ke kusa da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna buƙatar tambayar ko maƙalar da suka dogara da ita ta auna samfurin wofi, wato tataccen ruwan da aka bi da shi ta duk matakan da aka bi da na ainihi domin a ga abin da kwalabe da sinadaran aiki suka ƙara, da kuma ko na'urar tana iya ganin adadi ƙarami kamar maikirogiram 10 na dalma a lita ɗaya, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Masu tatsar ganyen zogale ko darbejiya su gwada shi a kan ƙwayoyin cuta a faranti suna buƙatar sanin abin da ya faru da kurkumin, sinadarin da ke ba gangamau launinsa. Dubban maƙalu sun ruwaito amfaninsa, amma wani dogon nazari da ya fito a Journal of Medicinal Chemistry a 2017 ya nuna cewa sinadarin yana saurin lalacewa, jiki ba ya tsotsarsa sosai, kuma yana cikin rukunin sinadaran da ke rikita na'urorin gwaji su nuna aiki inda babu. Wannan bai rage darajar binciken tsirran gida ba, wanda ya cancanci a yi shi da kyau, sai dai yana nuna nisan da ke tsakanin faranti da jikin mara lafiya.

Akwai kuma mujallun da ke karɓar kuɗi su buga duk abin da aka aiko. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙala mai cike da kurakurai bayyanannu a kan wani sinadari da wai yana hana ƙwayoyin ciwon daji girma, ya sa mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙarya, ya aika wa mujallu 304 da ake karantawa kyauta, 157 suka karɓa. An soki aikin nasa da cewa bai aika wa mujallun da ake saye ba, wato shi ma ba shi da gwajin kwatanci, kuma sukar tana kan hanya, amma ɗalibin da ba shi da kuɗin sayen maƙala, wanda abin da intanet ta fara nuna masa shi yake saukewa, shi ne ya fi kowa faɗawa hannun irin waɗannan mujallu. Nuna masa rumbuna kamar AJOL, wanda ke tara mujallun Afirka, da shirin Research4Life, wanda ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi manyan mujallu kyauta ko da rahusa, wani ɓangare ne na darasin.

Cikas ɗin da ba a cika ambata ba shi ne kunya. Ɗalibin da aka rena da girmama na gaba yakan ji nauyin cewa farfesa ya yi kuskure, musamman idan malamin da ke duba kundinsa yana cikin marubutan, kuma wannan ladabi abu ne mai kyau da bai kamata a rushe shi ba. Abin da malami zai yi shi ne ya karkatar da sukar daga mutum zuwa jadawali, ya koya wa ɗalibi cewa "alƙaluman jadawali na biyu ba su isa su tabbatar da wannan ba sai an ƙara gwaji kaza," ya kuma fara da ayyuka irin na Deryagin da Leadbeater, inda masu aikin da kansu suka fito suka gyara, domin ɗalibi ya ga cewa gyara ba ya zubar da mutunci a wannan sana'a. Wajibi ne kuma a koya masa faɗin abin da maƙala ta yi daidai, domin wanda ya ƙi yarda da komai bai fi wanda ya yarda da komai iya karatu ba.

Mataki na ƙarshe kafin a dogara da maƙala shi ne duba abin da ya same ta bayan fitowarta. Mujallu sukan janye maƙala idan aka gano babban kuskure ko maguɗi, kuma a 2023 kaɗai an janye fiye da 10,000 a duniya, amma kwafin da ɗalibi ya karɓa daga wayar abokinsa ba zai nuna hakan ba. Rumbun Retraction Watch, wanda aka buɗe wa kowa kyauta a 2023 ta hannun Crossref, yana ba da damar bincikawa cikin minti ɗaya. Rashin janyewa kuma ba ya wanke maƙala, saboda haka sai an karanta waɗanda suka ambace ta daga baya an ga ko sun tabbatar ko sun rushe: maƙalar asenik, wadda aka rushe da gwaji tun 2012, ta ci gaba da zama a mujallar Science har zuwa Yuli 2025 kafin editoci su janye ta, ba tare da sun zargi kowa da maguɗi ba, marubutanta kuwa suka ce ba su amince da janyewar ba.